Me ya sa musun bal ke ƙarewa da zagin iyaye?

Daren Litinin 28 ga Oktoba 2024 aka ba Rodri na Manchester City kyautar Ballon d'Or ta gwarzon ɗan ƙwallon duniya, Vinicius na Real Madrid ya zo na biyu, tazarar maki 41 kacal a tsakaninsu, su kuma 'yan Madrid da labari ya iske su tun da rana sai suka ƙi zuwa Faris gaba ɗaya. Washegari da safe a teburin wani mai shayi wajen Ƙofar Ƙaura nan cikin Katsina, wani tela ɗan Madrid da wani yaro mai gyaran waya ɗan Barca, mutanen da kusan kullum kwano ɗaya suke cin shinkafa da wake da rana, suka fara abin da dariya. Yaron ya ce "maigida yi haƙuri, an ce jirgin naku bai tashi ba", aka kwashe da dariya, telan ma ya dara. Ko minti goma ba a yi ba magana ta bar Vinicius ta koma kan waye bai san bal ba, daga nan ta koma kan bashin gyaran sikirin da telan bai biya ba, daga nan kuma aka taɓa iyaye. Sai da mai shayi ya aje kofi ya shiga tsakani.

Ka lura fa, babu ɗan wasan Barcelona ko ɗaya a cikin mutum biyun da ake musu a kansu. Ba kulob ɗin yaron ne ya ɗauki kyautar da ake musu a kanta ba, murnarsa kawai ita ce Madrid ta rasa. Irin wannan ne ke ɗaure wa mutane kai, iyaye da matan gida da ma su 'yan kallon kansu in sun huce, wai ya aka yi wasan da ake bugawa a Sifaniya ko Ingila yake raba mutanen da ke sallah sahu ɗaya a Rafin Daɗi.

Musu daban, tsokana daban, cin mutunci daban

Abu uku ne ake haɗa su a kira su "musun bal", kuma rashin raba su ne ke sa ba a gane inda matsalar take.

Musu shi ne jayayya a kan abin da ya faru a fili: fenareti ne ko ba fenareti ba, koci ya yi daidai da ya cire wane a minti na sittin ko bai yi ba. Wannan yana da hujja, ana iya maimaita bidiyo a duba, kuma mutum na iya cewa "toh na yarda". Tsokana kuwa ba ruwanta da hujja, an ci ka an zo ana maka ya jiki, ana tambayarka ko ka iya cin tuwo jiya, duk wanda ke zama a majalisa ya san rabin daɗin kallon a nan yake. Cin mutunci shi ne lokacin da aka bar kulob aka koma kan mutum, sana'arsa, talaucinsa, ƙauyensu, iliminsa, mahaifiyarsa. Na farko da na biyu sun daɗe tare da mu. Abin da ake kuka da shi yanzu shi ne yadda hanya daga na biyu zuwa na uku ta gajarce, kafin ka ankara an iso.

Yadda kulob ɗin Turai ya zama dangi

An fara gasar Firimiya ta Ingila a 1992, amma sai da tauraron ɗan adam da gidajen kallo suka yawaita daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa 2000 abin ya shigo unguwanni sosai. Benci, janareta, allo a ƙofa an rubuta wasannin yau da alli. Da yawa sun zaɓi kulob ne saboda ɗan gida: Kanu ya je Arsenal a 1999 ya kuma zura wa Chelsea uku shi kaɗai a watan Oktoba na shekarar, Babayaro yana Chelsea tun 1997, Mikel ya iske kulob ɗin a 2006. Wasu kuma sun bi wanda ke cin kofi a lokacin da suka buɗe ido, Man U ta Ferguson, Barca ta Ronaldinho sannan ta Messi, Madrid ta Zidane sannan ta Ronaldo. Wani ma yayansa ne ɗan Arsenal shi kuma ya zaɓi Chelsea don kawai ya samu abin ja da shi.

Dalilin zaɓin ƙarami ne, amma bayan shekara goma sha biyar mutum na saka riga ɗaya, an san shi da ita, har sunansa ya koma "wane Madrid" ko "wane Chelsea" a unguwa, an liƙa tambarin a bayan Keke Napep da ƙofar shago, ai kulob ya riga ya shiga cikin sunansa. Ranar da aka zazzaga wa kulob ɗin huɗu, shi za a nema a shago da safe.

"Mun ci", "sun zubar da wasa"

Masana halayyar ɗan adam sun daɗe da bin wannan. A 1976 wani Ba'amurke Robert Cialdini da abokan aikinsa suka lura cewa ɗaliban jami'o'i sun fi saka rigar makarantarsu ranar Litinin in ƙungiyarsu ta ci wasa a ƙarshen mako, kuma in ana hira da su sun fi cewa "mun ci" idan an yi nasara, in an sha kashi sai bakin ya juya zuwa "su". Duk mai zuwa gidan kallo ya san wannan ba sai an kawo masa daga Amurka ba, "wallahi mun taka leda jiya", in kuma an kwashi kashi a hannu "yaran nan ba su da zuciya". Nasarar kulob mutum yana ɗaukarta kamar tasa, saboda haka wanda ya kushe kulob ɗin a gaban jama'a kamar ya rage masa tsawo ne.

Akwai wani gwajin da ya fi wannan bayyana abin da ya faru a teburin mai shayin nan. A farkon shekarun 1970 Henri Tajfel ya raba yara 'yan makaranta a garin Bristol na Ingila gida biyu a kan dalilin da bai taka kara ya karya ba, irin wane zane ka fi so, yaran ba su ma san su waye 'yan ɓangarensu ba. Da aka ba su damar raba lada sai suka riƙa fifita nasu, kuma sau da yawa suka gwammace ɓangarensu ya samu kaɗan in dai zai fi na ɗaya ɓangaren, a kan kowa ya samu da yawa. Wato faɗuwar abokin hamayya ita kanta riba ce a zuciya. Shi ya sa za ka ga ɗan Barca ya biya kuɗin shiga kallon wasan Madrid da wata ƙungiya da bai san sunan golanta ba, ya zauna gaba-gaba yana mata addu'a. Mu nan "adawa" muke ce mata, kuma akwai waɗanda adawar ta fi goyon bayan ƙarfi a wajensu.

Talabijin ɗaya, wasa biyu

Wani abin da ke hura wutar shi ne kowa na ganin ɗan uwansa ƙarya yake da gangan. "Kai ma ka gani da idonka hannu ne, son kai ne kawai." Alhali sau da yawa mutumin bai gani ba ɗin da gaske. A 1951 an yi wani wasan ƙwallon Amurka mai zafi tsakanin jami'ar Princeton da kwalejin Dartmouth, daga baya masu bincike biyu, Hastorf da Cantril, suka nuna wa ɗaliban makarantun biyu fim ɗaya na wasan suka ce kowa ya ƙirga laifuka. 'Yan Princeton sun ƙirga wa Dartmouth laifin da ya ninka abin da 'yan Dartmouth suka ƙirga wa kansu fiye da sau biyu. Hausawa sun riga sun faɗa, so hana ganin laifi. Illar ita ce idan na yarda cewa ka ga abin da na gani kana musawa ne kawai, na riga na maida kai maƙaryaci a raina, daga nan zuwa baƙar magana ba nisa.

An yi zaton na'urar VAR, mai taimaka wa alƙalin wasa da maimaicin bidiyo, za ta kashe wannan musun. An yi amfani da ita a gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Firimiya ta karɓe ta a kakar 2019/20. Amma mutane da yawa har yau ba su san cewa tun asali a kan abu huɗu kawai aka kafa ta ba: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da kuma in alƙali ya ba wani kati a madadin wani. Kuma ko a waɗannan ɗin, in hukuncin na ra'ayi ne, ba ta shiga sai kuskuren alƙali ya fito ƙarara. To waye zai yanke cewa kuskure ya fito ƙarara? Mutum ne dai zaune a ɗaki gaban allo. Ranar 30 ga Satumba 2023 aka soke ƙwallon Luis Diaz na Liverpool a gidan Tottenham da sunan satar gida alhali halastacciya ce, hukumar alƙalan Ingila da kanta ta fito ta amsa kuskure, kuma tun daga ranar duk wanda aka ci sai ya ce ai ga shi nan, su ma sun yarda suna kuskure. A Yunin 2024 ƙungiyar Wolves ta Firimiya ta nemi a soke VAR ɗin gaba ɗaya, aka kaɗa ƙuri'a ƙungiyoyi 19 suka ce a bar ta, ita kaɗai ta ce a cire.

Ga kuma dokokin da ke sauyawa kusan duk shekara. Hukumar IFAB ce ke tsara su, ta gyara dokar taɓa ƙwallo da hannu a 2019 ta sake gyara ta a 2021. Hukumar ƙwallon Turai UEFA ta soke fifikon ƙwallon da aka ci a waje a 2021, ta maida gasar zakarun Turai ƙungiya 36 a tebur ɗaya daga kakar 2024/25. Daga kakar 2025/26 golan da ya riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa 8 bugun kwana za a ba abokan karawa, da can daƙiƙa 6 ne kuma da wuya ka ga an hura. Sai ka samu dattijon da ya haddace doka tun zamanin Kanu da yaron da ya fara kallo shekara uku da suka wuce suna ta ɗaga jijiyar wuya, kowanne abin da yake faɗa daidai ne a zamanin da ya koya, amma dattijon na jin yaro ya raina shi, yaron na jin an ƙi sauraronsa don yana yaro.

Musun da ba shi da alƙali

Messi da Ronaldo. Ɗan Messi zai ce Ballon d'Or 8 da kofin duniya na 2022 a Katar da ƙwallo 91 a shekarar 2012 kaɗai. Ɗan Ronaldo zai ce kofin zakarun Turai 5 a kan 4, ƙwallo 140 a gasar, ya ci lig a Ingila da Sifaniya da Italiya, ya haura ƙwallo 900 tun Satumbar 2024. Duk gaskiya ne. Abin da ba a taɓa zama an yarda a kai ba shi ne ma'aunin, "wanda ya fi" ɗin nan da me ake auna shi, kofi ko yawan ci ko iya taka leda, kowa sai ya ɗauko mudun da zai cika masa. Musun da ba a yarda da mudu ba ba ya ƙarewa, kuma in hujja ta ƙare wa mutum bai kuma shirya yin shiru ba, abin da ya rage a bakinsa shi ne "kai ɗin wa, yaushe ka fara kallon bal".

Ita kanta Ballon d'Or ɗin haka take. Mujallar France Football ce ke bayar da ita tun 1956, 'yan jarida ne daga ƙasashe 100 na saman jadawalin FIFA ke zaɓe, kuma tun 2022 kakar wasa ake dubawa ba shekarar kalanda ba, ana kallon ƙoƙarin ɗan wasa shi kaɗai, da abin da ƙungiyarsa ta ci, da ɗabi'arsa a fili. Ra'ayin mutane ne aka tara, ba awo ba ne irin na sikeli. Ga kuma zarge-zarge na gaske da ke ba kowa makami: kuɗi sama da Yuro miliyan 7 da Barcelona ta biya kamfanonin Negreira, mataimakin shugaban kwamitin alƙalan Sifaniya, tsakanin 2001 da 2018, wanda kulob ɗin ya ce na rahotannin shawara ne, da tuhuma 115 da Firimiya ta yi wa Manchester City a Fabrairun 2023 kan harkar kuɗi, wadda City ta musanta. Da irin waɗannan a hannu ba sai ka amsa an fi ka ba, sai kawai ka ce kofin na sata ne, shi kuma wancan ya ji ka ce masa duk murnar da ya yi shekara da shekaru ta banza ce.

"Wasa ɗaya ya yanke min tikiti"

Wannan ba a cika faɗarsa a fili ba a gari irin namu saboda kowa ya san hukuncin caca a Musulunci, amma tana nan cikin wayoyi. Wani ihun da za ka ji a minti na casa'in ba na kulob ba ne, kuɗin cefane ne ya tafi. Mutumin da ya saka kuɗin da ya wuni yana nema a kan wasa goma, tara suka shigo ɗaya ya yanke, ba zai iya faɗa wa na kusa da shi abin da ke cinsa ba, sai ka zo da 'yar tsokanarka ta yau da kullum ya sauke maka kwandon bala'i kana mamaki. Sannan wayar ta hana musu kwana. Da can in an kashe janareta kowa ya kama hanyar gida, bacci ya raba gardama, da safe an huce. Yanzu gajerun bidiyo da hotunan zolaya na bin mutum har kan katifa, kuma masu haɗa su sun san wanda ya fi ƙona rai shi ya fi yawo.

Wasan barkwancin da ya rasa ƙa'ida

A ganina nan ne gundarin maganar yake. Bahaushe ba baƙon tsokana ba ne, muna da tsari guda na wasa tsakanin jama'a: Katsinawa da Nufawa, Katsinawa da Haɗejawa, Kanawa da Zage-zagi, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, ga taubasai, ga jika da kaka. Bakatsine zai gamu da Banufe a tasha ya ce masa bawana, su yi ta yi har mota ta cika, a ƙarshe ma wani ya biya wa wani kuɗin ruwa. Abin da ya sa wannan ba ya zama faɗa shi ne yana da shinge. An san waye abokin wasanka, an san abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa, wanda ya yi fushi shi ake wa dariya don ya karya al'ada, kuma babu ranar da za a ce yau Nufawa sun ci Katsinawa uku da nema, wasan ba shi da sakamako.

Tsokanar bal ta ari rigar wannan wasan amma ba ta ɗauko shingen ba. Kowa abokin wasan kowa ne, yaro ɗan shekara sha bakwai zai iya tsayawa a kan sa'an babansa ya ce masa "Alhaji yau kuma ina bakin", abin da a wani zancen daban ko kusa ba zai yi ba. Sannan akwai sakamako na gaske, a daren nan ɗaya yana sama ɗaya yana ƙasa, wanda ke ƙasa ransa a ɓace yake tun kafin a yi masa magana. Kuma ba wanda aka ɗora wa alhakin cewa ya isa haka.

Akwai kuma wani abu namu na nan da sai an faɗa. An san Katsinawa da sakin baki, tsakanin abokai na ƙut da ƙut ashar kan fito ba da nufin zagi ba, har mutanen wasu garuruwa na tsokanarmu da shi. Amma wannan yana tafiya ne in akwai sabo da fara'a a fuska. Kalmar da aboki zai faɗa maka a ɗaki ku yi dariya, in wanda ba ka sani ba ya jefo maka ita daga bencin baya a gidan kallo, gaban mutum hamsin, an ci ku biyu ba ko ɗaya, ta zama wani abu daban. Kirarin garin ma cewa ya yi kunya gare ku ba dai tsoro ba, toh mutumin da aka kunyata a bainar jama'a kuma ba ya son a ce ya ji tsoro, da wuya ya haɗiye. Magana kuwa zarar bunu ce.

Kowa da inda ya ɗora laifin

Masu kare abin suna cewa in ka cire adawa ka kashe kallon, gidan kallon da kowa ke goyon bayan ƙungiya ɗaya ba ya daɗi, kuma mafi yawan musun da ake yi kullum a Sabuwar Unguwa ko Ƙofar Marusa da dariya yake ƙarewa, 'yan kaɗan ne ke ɓata wa saura suna. Suna da gaskiya a nan, don da kowane musu faɗa yake zama da ba gidan kallon da zai kai wata guda a buɗe. Inda maganarsu ke da rauni shi ne wanda ke tsokana ne ke yanke cewa wasa ne, ba a tambayi wanda ake yi wa ba.

Malamai da iyaye da dama kuma suna ganin tushen ne ya lalace, ɓata lokaci ne a kan mutanen da ba su san kana duniya ba, ga wasannin da ke cin Magariba da Isha'i, suna kuma kawo hadisin da ya yi alkawarin gida a Aljanna ga wanda ya bar jayayya ko da shi ke da gaskiya, da wanda ya hana mutum jawo wa iyayensa zagi ta hanyar zagin iyayen wani. Ko masu kallon ba sa musa wannan. Sai dai cewa a daina kallo gaba ɗaya bai cika shiga kunnen matasa ba, kuma bai bayyana dalilin da ya sa mutum biyu za su kalli wasa ɗaya, ɗaya ya tafi gida lafiya ɗaya ya cire riga ba.

Kashi na uku na cewa rashin aikin yi ne da matsin rayuwa, matashin da ba abin da ke tafiya daidai a rayuwarsa, kulob ɗinsa ne kaɗai wurin da yake cin nasara, in ka taɓa shi ka taɓa abin da ya rage masa. Akwai ƙamshin gaskiya sosai. Amma a Ingila aka yi wa Rashford da Sancho da Saka zagin launin fata bayan sun ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na kofin Turai a Yulin 2021, a Sifaniya kotu ta yanke wa mutum uku ɗaurin wata takwas a Yunin 2024 kan cin zarafin Vinicius a filin Valencia, kuma nan gida ma akwai manyan ma'aikata da 'yan kasuwa da bakinsu ya fi na 'yan Keke zafi in an ci kulob ɗinsu. Talauci na ƙara wa wutar itace, ba shi kaɗai ya kunna ta ba.

Wa abin ke faɗa wa?

Mafi muni shi ne rai. A Mayun 2009 bayan Barcelona ta ci Man U 2-0 a wasan ƙarshe na zakarun Turai, wani direban bas a garin Ogbo na jihar Ribas ya afka cikin masu murna da mota, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum huɗu. Irin wannan ba kullum ba ne, abin da ke faruwa kullum ƙanana ne da ba sa shiga labarai: abokai sun daina gaisawa, kwastoma ya sauya shago, mai gidan kallo na gyaran benci da kuɗin da ya kamata ya sayi fetur, maigida ya shigo gida fuska a murtuke uwargida da yara na lallaɓawa a kan laifin wani ɗan baya a Landan. Yaran da ke leƙe ta tagar gidan kallo kuma duk abin da manya suka furta shi suke maimaitawa a filin unguwa da yamma.

'Yan wasanmu ma suna ɗanɗanawa. Sani Kaita ya sha barazana bayan jan katin da ya karɓa a wasan Girka a kofin duniya na 2010. Gola Maduka Okoye ya sha zagi bayan Tunisiya ta cire mu daga kofin Afirka a Janairun 2022. Alex Iwobi sai da ya goge hotunansa na Instagram bayan Kwaddibuwa ta ci mu 2-1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka ranar 11 ga Fabrairu 2024, har Ahmed Musa ya fito yana roƙon a ƙyale shi. Wanda ke aika irin wannan saƙon ya sani cewa barazana ga ran mutum ta waya laifi ne a dokar laifukan intanet ta 2015.

A gasar gida kuwa kuɗin a fili ake biyansa. A Afrilun 2022 wasan Kano Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha ya tashi ba a ƙarasa ba, aka farfasa motar 'yan wasan Katsina, hukumar gasar ta ci tarar Pillars ta zare mata maki uku, su ma Kanawa na da nasu ƙorafin kan tarbar da suke cewa ana musu in sun zo Karkanda, wato filin Muhammadu Dikko na Katsina, ƙarshen kakar duka ƙungiyoyin biyu suka faɗa rukuni na ƙasa. Duk ranar da aka hana 'yan kallo shiga ko aka ɗauke wasan gida zuwa wani gari, mai rake da mai awara da mai ruwan leda da ke jiran ranar wasa a bakin filin Muhammadu Dikko su ne farkon waɗanda ke asara.

Wani bincike da Mark Levine da abokansa suka fitar a Ingila a 2005 ya nuna cewa layin nan na "mu da su" yana matsawa. An sa magoya bayan Man U su yi tunanin kulob ɗinsu, sannan aka shirya wani ya faɗi a gabansu kamar ya ji ciwo, in rigar Man U ce a jikinsa kusan duk suna taimaka masa, in ta Liverpool ce da yawa sai su wuce. Da aka sake gwajin aka sa su yi tunanin son da suke wa ƙwallo ita kanta, sai suka taimaki mai rigar Liverpool kusan kamar nasu. Haka muke gani ranar da Super Eagles ke wasa, ɗan Madrid da ɗan Barca a benci ɗaya suna rungumar juna, in kuma an ci mu su haɗu su nemi ɗan wasa ɗaya su sauke masa.

Wasu masu gidajen kallo sun fara saka tasu dokar, wanda ya yi ashar a fitar da shi ba a maida masa kuɗinsa, ranar El Clasico, wato karawar Madrid da Barca, kuma a raba benci hagu da dama. Mai shayin Ƙofar Ƙaura shi ma ya kafa tasa tun daga ranar nan, ya ce a zagi koci a zagi alƙali amma duk wanda ya ambaci uwar wani ya tashi masa daga tebur. Telan ya biya bashin sikirin bayan kwana biyu, ta hannun wani yaro ya aika, suna gaisawa yanzu in sun haɗu a masallaci, amma mai gyaran wayar ya koma cin abincin rana a shagonsa.